Sandar da Kaka Ta Jingine a Dutsen Uwa Maryamu

Kakata ta wajen uba tana da sandar gora wadda tafin hannunta ya goge har kanta yana ƙyalli kamar an shafa masa man gyaɗa. Gwiwarta ta dama ce ke ciwo tun kafin in yi wayo. Da sandar take zuwa kasuwar Rogo sayar da daddawa, da ita take zuwa coci, da ita take korar kaji daga kan shanya. In tana ba da labarin wani, da ita take nuna wajen gidansu, ko da kuwa mutumin yana zaune a gabanta. Ban taɓa ganinta a hanya ba sanda ba, sai a shekarar da na gama aji ɗaya na ƙaramar sakandare.

Ƙauyenmu yana kan hanyar Beli. Mu 'yan Katolika ba mu da yawa, 'yan gidaje ne a gefen gari, da coci mai rufin kwano wadda in ana ruwa ba a jin wa'azi. Fada yakan zo a kan babur sau ɗaya a wata, sauran ranakun Lahadi katikis ne ke ja mana sujada. Amma kowa ya san wadda ke riƙe da cocin ita ce Uwar Zumunta, shugabar mata. Doguwa ce, muryarta ba ta buƙatar lasifika, kuma ɗiyarta ce ke auren baffana. Wato ita da Kaka surukan juna ne. Ba sa kiran sunan juna, ba sa cin abinci a kwano ɗaya, in suka haɗu a hanya sai kowacce ta rusuna tana kallon ƙasa, su yi ta gaisuwa har awakin da ke wucewa su gama wucewa.

Uwar Zumunta ce ta dawo daga wani taron mata a Kano da labarin wani dutse can kudu, bayan an haye babban kogi, inda aka ce Uwa Maryamu ta bayyana ga wata yarinya. Ta ce akwai ruwa a wurin, makafi na wanke ido su gani, guragu na tashi. Kafin dogon hutu ya zo mata sun ɗinka anko shuɗi da fari, an ɗauki hayar bas daga Karaye. Ni an sa ni a tafiyar ne don in riƙe wa Kaka jarka.

Ban taɓa ganin mutane da yawa kamar waɗanda muka tarar a dutsen ba. Kowa da yarensa, kowa da carbinsa a hannu. Wasu na kallon sama suna cewa rana na juyawa. Na ɗaga kai sau ɗaya, idona ya cika da hawaye, sai na koma kallon ƙasa, inda na fi sabawa. Siffar Uwa Maryamu tana tsaye cikin wani kogo da aka gina da duwatsu, fara tas, sai dai fentin babban yatsanta na ƙafa ya goge saboda yawan taɓawa. Ƙasa da ita akwai famfo, mutane sun yi layi. Daga gefe kuma akwai wani dogon ƙarfe da aka kafa, an jera masa sanduna iri-iri, na katako da na asibiti, har da keken guragu guda ɗaya da ya yi tsatsa.

Kaka ta tsaya ta dubi ƙarfen nan, ta gyaɗa kai.

"Kin gani, 'yar boko," ta ce da ni, "mutanen nan akwai tsari. Ga wurin ajiye takalma can, ga na sanduna nan."

A garinmu ba a shiga wurin manya da takalmi, ba a shiga da sanda. Ko zauren dagaci za ka, a bakin ƙofa kake jingine ta. Kaka ta cire silifas ɗinta, ta jingine gorarta tsakanin wasu sandunan asibiti biyu, ta ce in lura da inda take kada wani ya yi musaya. Ta dafa kafaɗata muka shiga layi. Da muka iso famfon sai ta sake ni, ta tara hannu biyu ta sha, ta wanke fuska, ta ɗage zane ta zuba wa gwiwar. Daga nan ta taka ita kaɗai zuwa gaban siffar don ta taɓa yatsan nan kamar kowa.

A daidai lokacin Uwar Zumunta ta waiwayo. Na ga idonta ya je kan ƙarfen, ya dawo kan Kaka, ya sake komawa kan ƙarfen. Sai ta rangaɗa guɗa.

Abin da ya biyo baya ya yi sauri. Matanmu suka zagaye Kaka, wasu na kuka, wasu na waƙa. Matan wasu garuruwa da ba su jin Hausa suka shigo suna taɓa mata gwiwa, wata ma ta hagu ta taɓa. Wani dattijo mai kula da wurin ya zo da waya ya ɗaure gorar a jikin ƙarfen, ya murɗa da filaya. Kaka tana kallonsa ta saman kawunan mutane. Na ga ta buɗe baki. Sai Uwar Zumunta ta durƙusa a gabanta, hawaye na zuba, ta ce, "Iya, Uwa ta dube mu." Kaka ta rufe bakinta. Ba a ce wa suruka ta yi kuskure a gaban baƙi, balle tana durƙushe.

A cikin bas, muna komawa, Kaka ta sunkuyo ta raɗa mini, "Ya ɗaure ta da kyau?"

Na ce, "Sosai."

Sai ta ce, "Amma fa gwiwar ta yi sauƙi."

Gaskiya ta faɗa. Duk ƙarshen daminar nan Kaka tana yawo ba sanda. Tana ɗingishi kaɗan, amma tana zuwa inda take so. Ta je cirar gyaɗa, ta je kasuwa. Ita da kanta ta ce mini wataƙila Uwa ta ga an riga an ɗaure sandar ne ta ce bari ta rufa mata asiri. Kullum da safe takan tsaya gaban ƙaramin hoton da ke ɗakinta ta yi godiya, kuma ba don idon kowa take yi ba.

A coci aka ɗauke ta daga bencin baya aka kai ta na gaba, kusa da matar katikis. Lahadin farko an ce ta ba da shaida. Ta miƙe ta ce, "Na je, na sha ruwa, na ji sauƙi, na gode," ta zauna. Uwar Zumunta ta ga shaidar ta yi gajarta, ta tashi ta cike ta. Daga ranar ita ke bayarwa a madadin Kaka. A bakinta, da farko Kaka ta ajiye sandar ne a hankali. Bayan 'yan makonni ta zama ta jefar da ita. Zuwa girbin dawa, sandar da kanta ta fice daga hannun Kaka ta je ta tsaya a jikin ƙarfen. Kaka tana zaune a gaba tana jan carbi, kanta a ƙasa, mutane na cewa dubi tawali'u.

Labari ya fita daga unguwarmu. Matar dagaci ta aiko jikarta da kwalbar magani wadda aka wanke, ta ce a sam mata ruwan Nana Maryam saboda ciwon baya, amma a zuba a leda baƙa. Matan rugar da ke bayan gari masu kawo nono sukan tsaya a ƙofar gida su ce Kaka ta ɗan taka su gani. Ta taka zuwa rumbu ta dawo, su ce, "Ikon Allah," su ƙara mata ludayi ɗaya. Da aka tambayi Babana a majalisa, cewa ya yi ai tsohuwa tana tafiya, kowa na gani.

Sai sanyi ya shigo. Wata safiya na kai mata koko na tarar tana zaune a bakin gado, ta riƙe gwiwar da hannu biyu tana kallonta kamar ɗan da ya dawo gida bayan an yi masa rakiya.

"Ciwon ya dawo," ta ce.

Na ce in gaya wa Baba ya sare mata wata gorar.

"In fita da sanda? A ce Uwa ta ba da kyauta ta karɓe? Surukata ta sa fuskarta ina? Ta faɗa a Rogo, ta faɗa a Karaye, har a Kano ta faɗa."

Da farko lema ta gwada. Amma lema a naɗe, ba rana ba ruwa, tana jawo tambaya, kuma gajera ce. Ta koma fita da fartanya, sai mutane suka riƙa tambayarta wace gona ake noma bayan an gama girbi. Ranar wata kasuwa ta ga mai rake ya jingine kayansa a jikin bishiya, dogaye masu kauri. Ta sa na kira shi. Ta riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya tana dogarawa a ƙasa.

"Iya, zaƙi ake dubawa a rake," in ji shi.

"Kai dai ba ni wannan. Kada ka yanka."

"Ko in fere miki?"

"Na ce ka taɓa shi?"

Haƙoran Kaka na gaba uku ne suka rage, kuma ba sa fuskantar juna. Duk da haka ba wanda ya ga abin mamaki a tsohuwa ta saya wa jikoki rake. Tun daga ranar ba ta fita sai da rake a hannu, kullum tana kan hanyar kai wa jikoki. Matsalar kawai ita ce jikokin. Ƙannena sun gane cewa in rake ya kwana biyu yakan yi laushi, Kaka ta sake sabo ta ba su tsohon, sai suka daina jira. In ta jingine shi ta shiga bayan gida, ta fito ta tarar ya rage gaɓa ɗaya. Akwai ranar da ta dawo daga gaisuwar mutuwa a sunkuye kamar mai neman allura, saboda raken ya koma iya ƙugunta.

Ranar Lahadi ta fi wuya. Ba a shiga coci da abin ci, amma ana shiga da baiko, wato abin da mutum ke kawo wa Allah kyauta. Saboda haka Kaka ta mai da rake baikonta. Takan dogara shi tun daga gida, ta zauna da shi a bencin gaba, lokacin baiko ta taka da shi har gaban bagade, teburin sujada, ta ajiye. Dawowar ce abin kallo, ga wanda ya san abin da yake kallo. Sai ta bi benci-benci tana dafa kan yara kamar mai sa albarka. Iyaye suka fara turo 'ya'yansu bakin hanya don hannunta ya same su. In an tashi, ni ce sandar har gida. Katikis kuwa, wanda kayan baiko ke zuwa gidansa, ya yi wa'azi guda a kan cewa Allah yana son mai bayarwa da zuciya ɗaya, kuma ƙasarmu tana ba da gyaɗa da wake da dawa, ba abu ɗaya kaɗai ba.

Da zafi ya fara, rake ya ƙare a kasuwa. Ni kuma ina makaranta har la'asar. Kaka ta daina fita. Matar baffana ce ke kai mata daddawa kasuwa, ta dawo da rabi, domin masu saye Kaka suke nema su yi ciniki suna tsokanar juna. Aka yi suna a gidan ƙawarta ba ta je ba, aka yi rasuwa a Beli ba ta je ba. In na dawo nakan same ta a tsakar gida, a kan tabarma, ta juya fuskarta wajen ƙofa tana sauraron masu wucewa, tana faɗin sunan kowa daga takunsa. Kaji na cin shanya a gabanta sai dai ta yi musu tsawa, su kuma sun gane tsawa ce kawai. Ta rame. Masu zuwa gaishe ta suna fita suna cewa tun da Uwa ta taɓa ta ta bar harkar duniya.

Ana cikin azumin da ke kafin Ista Uwar Zumunta ta zo da kanta. Suka yi gaisuwarsu mai tsawo. Sannan ta ce mata sun yanke shawara, ranar Ista za a yi babbar godiya, an gayyato zumuntar wasu ƙauyuka, Kaka za ta shigo da rawa tun daga bakin ƙofa har bagade, hannu biyu a sama, kowa ya gani da idonsa.

Kaka ta ce, "To, madalla."

Bayan ta tafi, Kaka ta daɗe tana kallon ƙofa. Sannan ta tambaye ni yaushe Fada zai zo jin iƙirarin zunubi. Na ce Asabar mai zuwa.

A wurinmu ba ɗakin iƙirari. Fada yakan sa kujera a gindin darbejiyar da ke bayan coci, mai furta zunubi ya durƙusa a gefensa ya yi magana ƙasa-ƙasa, sauran su yi layi nesa kaɗan, a jikin bango. Tun muna koyon katikisma, karatun addini na yara, aka gaya mana cewa abin da aka faɗa a wurin ya mutu a wurin. Ko iska ce ta kawo maka maganar wani, ba ka ji ba. In ka maimaita, ko ka nuna ka ji, zunubin ya fi na mai shi nauyi.

Ranar Asabar Kaka ta sa na kai ta da wuri, amma ta ƙi shiga layi. Ta zauna a kan dakali tana barin mutane suna wucewa. Sai da Uwar Zumunta ta iso da matanta suka jeru a jikin bango, sannan ta ce in ɗaga ta. Na kai ta gindin bishiyar. Fada ya ce ta zauna a benci ba sai ta durƙusa ba. Na koma jikin bango, bayan Uwar Zumunta.

Kaka ba kurma ba ce. Tana jin motsin ɓera a rumbu daga ɗakinta. Amma ranar da muryar kasuwa ta fara.

"Fada, ka sa mini albarka, na yi zunubi. Sandar nan ban jefar ba. Jingine ta na yi. Na ɗauka wurin ajiya ne."

Fada ya ɗaga hannu yana mata alamar ta sassauta.

"Na'am? Ba na ji sosai, Fada, tsufa. Na ce jingine ta na yi. Uwa ta ba ni sauƙi, ban musa ba, har gyaɗa na cira da ƙafata, na gode mata. Amma da sanyi ya zo ciwon ya dawo. Raken nan da nake kawowa ba baiko ba ne, dogarawa nake yi. A gaya wa katikis ya yafe ni."

A jikin bango ba wanda ya motsa. Wata ta shiga gyara ɗankwalinta, wata ta tsura wa tururuwa ido. Uwar Zumunta tana jan carbi, na ga yatsunta sun tsaya a kan ƙwaya ɗaya.

"Wadda ta yi guɗar ba ta da laifi," Kaka ta ci gaba. "Mutuniyar kirki ce, abin da ta gani ta faɗa. Ni ce na ji kunya na yi shiru."

Fada ya sunkuya ya yi magana mai ɗan tsawo. Ba mu ji nasa ba, amma na ga kafaɗarsa tana rawa, ya sa hankici ya rufe baki kamar mai tari.

"In sami sanda?" in ji Kaka. "Shi ne aikin tuban nawa? In riƙa zuwa da ita coci? To, Fada, tunda kai ka ce. Ni ba zan ƙi maganar Fada ba."

Da na je ɗaga ta muka biyo ta gaban layin. Ta rusuna wa surukarta, surukarta ta rusuna mata. Suka tambayi juna kwanan gida, da zafi, da yara. Uwar Zumunta ta ce, "Ya ƙarfin jiki, Iya?" Kaka ta ce, "Da godiya."

Da yamma Baba ya fita da adda, ba wanda ya aike shi, ya dawo da gora.

Ranar Ista coci ta cika har waje. Kaka ta shigo a hankali, sabuwar gorar tana buga siminti, ƙwas, ƙwas. Baƙin da aka gayyato suka fara duban juna. Namu kuwa kowa ya kafe idonsa a bagade, don ba wanda ya ji komai. Uwar Zumunta ta miƙe, ta gyara anko, ta ba da shaidar daga farko, ba ta rage ko kalma ba, har wurin da sandar ta tafi da kanta. Sannan ta ce, "Gwiwar dama Uwa ta warkar, kowa shaida ne. Wannan da kuke gani ta hagu ce. Maƙiyi ya ga an kore shi daga ɗaki ɗaya ya koma ɗayan. Saboda haka bana ma za mu koma, duk mai son kujera a bas ta same ni bayan sujada."

Mata suka ɗauki waƙa. Kaka tana tsaye a tsakiyar coci. Na ga ta dubi gorar, ta dubi surukarta, sannan a hankali ta mai da ita ɗaya hannun.

Ranar kasuwar da ta biyo baya muna hutu, na ɗaukar mata kwanon daddawa. Ta yi wanka tun da safe, ta sa turare, ta kori kaji biyu a hanyar fita ba tare da sun yi mata komai ba. Duk wanda muka gamu da shi sai ta tsaya, ta tambayi wanda ya haihu da wanda ya mutu tun da ta daina fita. Ta gaban gidan Uwar Zumunta hanyar ta bi. Kaka ta wuce tana ɗingisa ƙafar hagu da kyau, ta ɗaga murya ta yi sallama, aka amsa daga ciki. Sai da muka sha kwanar masallaci ta tsaya, ta sauke numfashi, ta mai da gorar hannun da ta saba.

"Yi sauri, 'yar boko," ta ce, "kada a kama mini wuri."